Sai Na Sake Hawa Jirgin Ƙasa

Bande, daren Laraba, tsakiyar damina

Yau ma mun taru a ƙofar gidan Malam Idi, mu da muka yi aikin layin dogo a Najeriya muna samari. Hirar dai ta kullum: ruwan jiya ya yi yawa, ciyawa ta cinye gero, kowa da ciwonsa. Da na ce bayan kaka zan je Kano in hau jirgi, sai Sani, ɗaya daga cikinmu, ya yi dariya.

"Kai da hawan jinin nan? Ko gonarka ba ka iya nomewa!"

Na tashi na nufi gona. Na ɗauki hauya, na yi noma har magariba. Yanzu bayana kamar zai tsage, amma ban gaya wa kowa ba. Zan je, ko da sanda ne.