Gaɗar Bikin Hajara

Zuwa ga 'yata Binta,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya maigidanki, yaya yara da sanyin Jos? Mu nan Nguru lafiya lau, alhamdu lillahi.

Bayan haka, an yi bikin ƙanwarki Hajara. Dangin ango na Gashuwa sun aiko cewa za su zo da 'yan matansu a kara a gaɗa, wai na Nguru tsalle kawai suka iya. Kin san ba na son rawar rashin kunya, amma ban yarda a raina gidanmu ba. Sai na tara 'yan matan unguwa a tsakar gida, sahu biyu suna fuskantar juna, ina kiran taku.

Da farko abin ya ƙi. In na ce "Dama!" sai sahu ɗaya ya yi kudu, ɗaya ya yi arewa, kowacce ta rasa abokiyarta. Sai na koma kiran "Rijiya!" da "Zaure!", wato a yi wajen rijiyar gidanmu ko wajen zaure, nan take suka daidaita.

Ranar biki ba wadda ta kauce, ba wadda ɗankwalinta ya faɗi. Gwaggon ango da kanta ta taso ta ce, "Malama, don Allah a sa namu a sahun nan." Na sa su, amma a can ƙarshe.

Ki lura, tsawa kaɗai ba ta gyara yaro, sai an faɗa masa abin da zai gane. Ki riƙe wannan a kan naki.

A sa Hajara a addu'a. Ki gai da surukarki. Kuma ki rubuto, shirunki ya yi yawa.

Ni ce,
Mahaifiyarki