Hannun Hagun Sarvinoz

Samarkand, Litinin

Ɗana Javlon,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kuma kana cin abinci a zaune kamar mutum, ba a gaban kwamfuta ba. Direban tasi zai ba ka wannan takarda da burodin garinmu. Kada ka bari ya gutsura.

Javlon, Allah ya ba ni ɗaliba! Sunanta Sarvinoz, shekararta sha biyar. Hannunta na dama yana rera waƙa a kan piyano kamar na kowa, amma na hagun shi ke shimfiɗa ƙasar da waƙar take takawa. In ta danna sautuka uku masu kauri tare, ta riƙe su, sai ka ji zuciyarka a rataye tana jiran a mai da ita gida.

Jiya ta yi gwajin shiga makarantar kiɗa ta Tashkent ta kiran bidiyo, don mahaifiyarta tana kwance, ba mai raka ta. Da ta gama, Farfesan da ya saurare ta ya ce, "Yarinya, hannunki na hagu kasuwa kika aike shi?" Wallahi ina gefenta, ba abin da ta tsallake. Na yi ta roƙo har ya yarda ya sake sauraronta ranar Asabar. In ta faɗi, shi ke nan.

Kai ne ka guje wa piyanona ka koma rubuta manhaja. Me wayar nan take yi mana?

Ka huta lafiya.
Malamarka, Zebiniso

Tashkent, Talata

Malama,

Ina gaisuwa da girmamawa. Burodi ya iso, amma da alamar haƙori.

Na gano ɓarawon. Manhajar kiran da kuke amfani da ita an yi ta ne don muryar mutum. Duk sauti mai kauri da ya daɗe bai canza ba, sai ta ɗauka gurnanin firij ne, ta share shi. Wato a wurinta hannun hagun ɗalibarki firij ne.

Na rubuta muku wata 'yar ƙarama wadda ba ta tace komai. Na tura wa Farfesa, na tura wa Sarvinoz. Ke ban tura miki ba, mun san abin da ya faru da hotunan bikina. Sai dai komai za a ji, har tarin maƙwabci. Ku gwada tukuna.

Ɗalibinki mai gudu, Javlon

Samarkand, Alhamis

Javlon ɗana,

Gaisuwa da sa albarka. Mun gwada da ƙanwata da ke Bukhara. Tana jin sautin farko ta ce, "Zebiniso, piyanon a ɗakina yake ko a naki?" Na kusa yin rawa a gaban yarinya.

Na bi layinmu gida-gida ina roƙon a rage hayaniya. Tsoho Ravshan ya yarda zai kai kajinsa gidan surukinsa ranar Asabar, ya ce, "Malama, in ta zama shahararriya, a ambaci zakarana." Firij kuwa zan zare shi daga wuta.

Amma zauna ka ji. Dab da ƙarshen kiɗan akwai wurin da ake tara sautuka masu tsami, waɗanda ba su jitu ba, a sake su, a yi shiru mai tsawo, sannan a sauke sauti mai daɗi da ke sulhunta su duka. Wannan shirun shi ne zuciyar kiɗan. Muna isa wurin, manhajarka ta rubuta "An gama", ta katse kiran. Sau uku. Sarvinoz ta ce, "Malama, ko in taƙaita shirun?" Na ce sai dai bayan raina.

Na yi dariya har da hawaye, don na gane mai ita. Tun kana ƙarami ba ka taɓa jiran shiru ya cika ba, sai ka afka. Ka haifi manhaja mai halinka. Jibi ne fa.

Malamarka

Tashkent, Juma'a

Malama,

Ina gaisuwa, kaina a ƙasa. Ni na sa mata ta kashe kira in ta ji shiru, don kada batir ya ƙare. Na cire mata wannan umarnin. Na ari piyanon abokin aikina na gwada, na kuma jira shirun har ƙarshe. Yatsuna sun yi ƙaiƙayi, amma na jira. Ashe haka sautin ƙarshen yake da daɗi?

Ki ce wa Sarvinoz ta yi shirunta yadda take so.

Javlon

Samarkand, Asabar

Ɗana,

Gaisuwa a gurguje, direba yana ta danna oda. An ɗauke ta! Farfesa ya ce a cikin shirun nan ya manta shayinsa a hannu. Sannan ya tambaya wane ne yake ta gunguni ƙasa-ƙasa yana bin hannun hagu tun daga farko.

Ni ce, amma na ce masa firij ne.

Allah ya yi maka albarka.
Zebiniso