Ɗigon Baƙin Mai a Gaban Hoton Khiem

Kawu Luong, don Allah ka taimake ni. Abin ya fi ƙarfina, kuma duk wanda na faɗa wa a unguwarmu kallon zautacciya zai yi mini.

Mijina Khiem ya rasu bara da damina, ciwon hanta ne. Ya bar mini babur ɗinsa, da shi nake kai tukwanen furanni kasuwa, da shi muke ci ni da surukata. Kamar kowa, cikin falo muke shigar da shi, kuma inda Khiem ya saba kafe shi daf yake da teburin kakanni da muke kunna wa mamatanmu turare a kai, inda hotonsa yake yanzu kusa da na mahaifinsa. Tun da na fara hawa, kullum da safe in na zo kunna turare sai in tarar baƙin mai ya ɗiga a tayil, ta hagu, wajen hoton. In goge, gobe ya dawo. A hannun Khiem ko ɗis bai taɓa yi ba, mutumin da ke goge inji kamar mai yi wa jariri wanka.

Mama, surukar tawa, ta ce ba mai ba ne, kira ne. Mun ƙona masa babur na takarda yadda ake yi a al'adarmu don ya isa ga mamaci, har da hular kwano, amma wai bai karɓa ba, nasa yake so, ai ta san ɗanta da kafiya. Ta je wurin wata mai duba, aka ce mata muddin matarsa na hawa, ba zai samu hutu ba a lahira. Yanzu Mama ta dage sai an sayar wa baƙo daga nesa kafin taron cikar shekara. In na buɗe baki sai ta ce taurin kai kawai na iya, ko kafe babur ɗin ban iya ba, kullum a karkace kamar mashayi. Nan kam gaskiyarta, ba ni da ƙarfin ɗora shi kan ƙafar tsakiya yadda Khiem ke yi, da ta gefe nake jingine shi.

Na ɗaure notin juye mai har tafina ya yi kanta, na ƙara mai ya cika fal don tsoro, ɗigon ma ƙaruwa ya yi. Ban kai wa bakanike ba. Kawu, tsoron gyaran nake yi. Kujerar babur ɗin har yau da lotsawar zamansa. In na durƙusa ina goge man nan sai in ji kamar yana tsaye a bayana, har magana nake yi masa. In ya daina ɗiga, shi ke nan ya tafi? In kuma da gaske wahala yake sha saboda ni fa? In sayar ko in riƙe?

Mai furanni, daga Sa Dec

'Yata, sannu da rashi, sannu.

Ban san abin da matattu ke so ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma baƙin mai na san halinsa, inda aka karkata can yake bi. Surukarki ta gano ciwon tana tsakiyar yi miki gori. A hagun injin, inda sandar giya ta shiga, akwai 'yar roba mai tare mai. Da alama ta daɗe da tsufa, tsayuwar babur a miƙe ce ta rufa mata asiri. Ke kuma kin jingine shi ta wajenta, kika ƙara mata mai fiye da kima.

Ki rage man ya dawo tsakanin layukan ma'auni, kuma ki ƙyale notin nan haka, kar ki cinye masa zare. Ki wanke injin da kananzir da omo, ya bushe sarai, ki barbaɗa garin shinkafa ta hagu, ki zaga unguwa ki dawo ki shimfiɗa kwali a ƙasa. Inda garin ya fara baƙi daga sama, nan ne ƙofar. In sandar giya ce, ki kwance ƙafar giyar da kike takawa, ki ɓamɓaro tsohuwar robar a hankali, ki shafa wa sabuwa mai ki danna ta ta zauna daidai. In kuwa daga haɗin injin yake tsattsafowa, kai wa bakanike. Kada ki ja lokaci, man da ya taɓa tayar baya ba ya tausayin gwauruwa.

Surukarki kuma kar ki yi mata dariya. Ɗa ta binne, ita ma tabon nan take kallo kowace safiya. Ki sa ta barbaɗa garin da hannunta, ta ga inda yake fitowa. Sannan ki roƙe ta ta kunna turare ta faɗa wa ɗanta da bakinta cewa babur ɗin nan ne ke ciyar da uwarsa. Shawarata kada a sayar.

Safiyar da za ki tarar da tayil a bushe za ta yi miki ciwo, na sani, ni ma na yi rashi. Ki zauna ki yi kukanki har ya ishe ki, sannan ki ɗaure furanninki ki tafi kasuwa. Ina yi muku fatan sanyin zuciya ke da Mama, da hanya lafiya.

Kawu Luong