Farar Ƙasar da Baba Ya Ajiye

Puebla, watan Maris

Zuwa ga ƙanena Anselmo,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Lucina, ya yara? Mu nan lafiya, sai dai hannun Baba da ke ƙara rawa.

Bangon da ke bin matakala har hawa na uku ya tsage, hannu na shiga. Jami'an birni sun ce in damina ta same shi a haka, duk mazauna gidan nan za mu kwashe kaya.

Maƙwabta siminti suke so. Baba ya ce bangon nan ya girmi kakansa, da farar ƙasa aka gina shi, siminti zai toshe masa numfashi ya ruɓe daga ciki. Inna Eufemia ta hawan ƙasa ta ce masa, "Tsoho, to a shafa masa wa'azinka mana!" Gaskiyarta, sabuwar farar ƙasa sai ta shekara a ruwa kafin ta yi.

Ka san akwai wadda ke kwance cikin randunan bayan gida tun rasuwar Mama. Ta yaɓen kabarinsa ce, kusa da nata. Kowa ya sani, ba mai iya buɗe baki. Ni ma na kasa.

Yayarka,
Remedios

Puebla, watan Mayu

Anselmo ƙanena,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, bango ya tsaya. Jami'ai sun duba, ba inda za mu.

Baba da kansa ya sa aka buɗe randunan. Farar ƙasar ta yi laushi kamar man shanu. Da cokalin gini ya faɗi daga hannunsa, ni ya miƙa wa. Yana daga kujera yana faɗa: "Ke Meme, ba wainar tortiya kike murzawa ba, sassauta hannu!" Mun yi ta, ni da mazan gidan, har ta ƙare ƙaf.

Ranar bikin magina muka kafa gicciye mai furanni a saman rufi, kamar yadda aka saba. Inna Eufemia ta kawo wa Baba tamale, alalen masara naɗe cikin ganye, ta tsaya tana murza bakin zane, ta ce, "To kai fa, da me za a yaɓe ka?"

Ya nuna mata randunan. Ashe ya sa an jiƙa sabuwa. Ya ce, "Sai ta shekara uku. Kafin nan ba ni da halin mutuwa."

Kowa ya yi dariya. Ni dai kullum da safe ina leƙawa, kada ruwan ya ja baya.

Ka zo ka gan shi.

Yayarka,
Remedios