Dabbobin da Malam Ya Yanka

Zuwa ga Yaya Yakubu, Maradun.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina gajiya, ina iyali? Labari ya iske mu nan Talata Mafara cewa ruwan dam zai cinye gidanmu, har da maƙabartar da mahaifinmu Malam ke kwance. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Abu guda nake roƙo. In za ku tashi, ka ɗauko mini tsohon littafin dabbobin nan da ya zo da shi daga Hajji, mai zanen zaki da dila, da kunkurun da ya ciji sanda tsuntsaye na tashi da shi. Ka tuna Malam bai bar mu mun duba ba sai da ya bi kowace dabba ya ja mata layin tawada a wuya? Wai ya yanka su, mala'iku sa iya shiga gida.

Ƙanwarka,
Taibatu

Taibatu,

Wa alaikumus salam, kowa lafiya. Ke dai ba ki girma! Mutane na kukan gonaki, ke kina kukan dila. Littattafan ilimi kawai sun cika jakuna. Naki na gan shi ƙasan adaka, amma tawadar duk ta kwaɓe ta fita. Dabbobin sun koma da wuyansu, ni kuwa ba ni shiga sabon gida da hotuna haka nan. Ki yi haƙuri, ruwa ya yi gadonsa.

Yayanki,
Yakubu

Yaya,

Gaisuwa da ban girma. Ashe malanta ta kai ka har tsoron kunkuru? Tawada ta ƙare a Maradun ne, ko alƙalami? Kai ne fa mai zama kan cinyar Malam kana kwaikwayon muryar zaki har Inna ta kore mu. Ni mace ce, da aka raba littattafai ban ce uffan ba. Kabarinsa zai nutse, ɗakinsa zai nutse. In wannan ya bi su, ba ni da inda hannunsa ya taɓa. Ka dubi Allah.

Taibatu

Taibatu,

Salama. Mun tashi, ruwa ya shiga har zaure. Littafin ya tsira. Na dama tawada na bi sawun Malam dabba bayan dabba, layina bisa nasa. Ban san ina kewar tsohon nan haka ba, sai da hawaye ya ɓata mini wuyan zomo.

Don haka ba ni aiko shi. Tun rasuwar Inna ba ki tako ƙafarki wurina ba. Ki zo mu duba tare, ni ban iya buɗa shi ni kaɗai.

Allah ya kawo ki lafiya.
Yayanki