Memuna Biyu, Lamba Ɗaya

Litinin, 6 ga Mayu, 2024. Salaga, Ghana.
Wata goma sha ɗaya ke nan a garin nan, har yanzu "Malam Kano" suke ce mini. Na gaji da cewa ni ɗan Funtuwa ne. Alhaji Sumani, mai gidan da nake haya, ya ce tun zamanin da kakanninsa ke fataucin goro, duk wanda ya fito daga can, daga Kano ya fito. To.

Aiki lafiya. Ƙananan asibitocin ƙungiyar da nake wa aiki guda uku, na nan da na Yendi da na Bawku, duk sabobinsu, manyan kwamfutocin da ke riƙe bayanai, da laburarena suke tafiya, wato tarin kod ɗin da na rubuta. Shekara shida ina rubuta shi. A da, mai son adana sunan majinyaci sai ya zauna ya jera SQL layi talatin, ya buɗe hanya zuwa ma'ajiyar bayanai, ya manta bai rufe ba. Yanzu layi ɗaya ne: nemo_ko_yi. Ka ba shi suna, ranar haihuwa da lambar waya. In mutumin yana ciki ya ɗauko fayil ɗinsa, in babu ya buɗe sabo. Kamfanin Kaduna sun ci moriyar ganga shekara huɗu, suka sallame ni da takarda mai layi biyu. Laburaren kaɗai na fito da shi.

Alhamis, 9 ga Mayu.
Na kira Najat sau biyu. 'Yar da na haifa, amma sai saƙo: tana aji.

Talata, 14 ga Mayu.
An kawo wata dattijuwa daga kasuwar doya, a sume. Memuna Issahaku. Hawan jini gare ta, amma maganin sukari aka ba ta ranar Juma'a, ta yi kwana huɗu tana sha. Fayil ɗinta ya ce ciwon sukari, ita kuwa ba ta taɓa yinsa ba. Ta farfaɗo, alhamdulillahi.

Fuseina ce ta yi mata rajista. Ita ke kan teburin karɓar majinyata tun kafin zuwana. Madam Latifatu, shugabarmu, ta bugo daga Yendi ta ce Fuseina ta zauna a gida sai an gama bincike. Ta tambaye ni ko kwamfuta za ta iya yin irin wannan kuskure. Na ce kwamfuta abin da aka zuba mata take mayarwa. Ban ko duba ba kafin in faɗa.

Laraba, 15 ga Mayu.
Fuseina ta zo kwashe kayanta, kofi da darduma da hoton 'ya'yanta. Ta tsaya a bakin ƙofata.
"Malam, ni sabon fayil na buga mata. Wallahi sabo na buga."
Na ce Allah ya bayyana gaskiya. Ta ce amin, ta daɗe tana kallona.

Asabar, 18 ga Mayu.
Ruwa tun safe. Gidan Alhaji cike da mutane, ɗakuna ashirin da wani abu, kowa da baƙinsa. Wayarsa ba ta hutawa, yana zaune a zaure yana aika a kira wane, a kira wance. Sun yi mini tayin tuwon zafi na ce na ƙoshi. Gari na jiƙa na sha a ɗaki.

Laraba, 22 ga Mayu. Bawku.
Tafiyar kwana biyu, ta Yendi da Nalerigu, duk ƙashina ciwo. Na zo sauya musu batirin saba ne kawai.

Mudasiru ke rajista a nan, mutum mai surutu. Ina zaune a bayansa wani ya shigo daga wajen Kulungugu. Ranar haihuwa? Bai sani ba. Mudasiru ya buga 1 ga Janairu, ya dubi furfurarsa ya zaɓa masa shekara. Lambar waya? Mutumin ya karanto ta direban tasin da ya kawo shi. Sai na ga Mudasiru ya ƙara ɗigo a ƙarshen sunan. Na tambayi dalili. Ya yi dariya ya ce in bai sa ba, kwamfuta takan haɗiye mutum, ta fito da na wani. Tun bara yake haka. Wani ɗigo ɗaya, wani biyu, akwai mai huɗu. Na ce me ya hana shi gaya mini?
"Malam Kano, ai na ɗauka haka kuka gina shi a Najeriya."

Na fita waje na tsaya a jikin mangwaro.

Alhamis, 23 ga Mayu. Bawku.
Na bi tarihin sabobin uku. Memuna Issahaku biyu ne a Salaga. Dukansu 1 ga Janairu, 1960. Dukansu lambar Alhaji Sumani suka bayar, ɗaya 'yar haya ce a gidan, ɗaya baƙuwa daga ƙauye da ke sauka wurinsa in ta kawo doya. Lambar da nake jin ƙararta ta tagata kullum. Fuseina ta buga sabuwa kamar yadda ta rantse, nemo_ko_yi ya ce ai na san wannan, ya miƙo fayil ɗin mai sukari.

A Kaduna kowa da wayarsa, kowa da takardar haihuwarsa. Ban taɓa tambayar kowa yadda ake ba da lamba a nan ba. Wata goma sha ɗaya.

Mutum arba'in da ɗaya ya haɗe da wasu, a garuruwa uku. Abin da nake taƙama da shi ke nan: ka rubuta sau ɗaya, ya yi aiki ko'ina. Ya kuwa yi.

Juma'a, 24 ga Mayu.
Layi tara na gyara. Yanzu in ya ga kama ba ya yanke hukunci, sai ya nuna wa mai rajista duka biyun ya tambaya. Na tura, sabobin uku suka ɗauka kafin a kira sallar Juma'a. Na kuma sa alamar gargaɗi a kan fayilolin arba'in da ɗaya, kada a ba da magani sai an sake gwaji.

Babu wanda ya san me na taɓa. Babu mai iya karanta shi in ba ni ba.

Lahadi, 26 ga Mayu. Yendi.
Masauki, fanka mai ƙara. Kwantiragina zai ƙare ƙarshen Yuni, Madam ta ce za a sabunta shi shekara biyu. In na koma Funtuwa yanzu, in koma wa me? Shekara arba'in da tara, ɗaki a gidan ƙanena.

Su ma da laifinsu. Wa ya ce a riƙa ƙirƙiro wa mutane ranar haihuwa? Mudasiru da ɗige-ɗigensa fa? Kuma ba wanda ya mutu.

Na rubuta wannan na karanta. Haka manajan Kaduna ya yi magana ranar da ya ɗora mini laifin da ba nawa ba. Har da "ba wanda ya mutu".

Litinin, 27 ga Mayu. Yendi.
Na shiga ofishin Madam da niyyar rahoton batir. Ta ce bincike ya ƙare, takardar sallamar Fuseina na kan tebur, sa hannu ya rage. Na ga takardar. Layi uku, ta fi tawa da ɗaya.

Na buɗe kwamfutata na juya mata. Na nuna mata Memuna biyu, na nuna mata arba'in da ɗaya, na nuna mata ranar da na gyara ban faɗa ba. Wannan na ƙarshen ya fi ci mata rai. Ta ce kuskure na kowa ne, amma kwana uku na shiru nawa ne ni kaɗai. Ban musa ba.

Sabuntawar shekara biyu ta tafi. Wata uku ta ba ni, in raba fayilolin, in koya wa wani laburaren, sannan a gani. Ba ta zalunce ni ba, ko da yake na so a ce ta yi, in samu abin riƙewa.

Alhamis, 30 ga Mayu. Salaga.
Na je gidan su Fuseina da ƙafata. Mijinta ya shimfiɗa mini tabarma, ya ƙi zama. Na faɗi abin da na zo faɗa. Ta ce mako biyu ba ta shiga kasuwa ba, ana nuna ta ana cewa ga wadda ta kusa kashe tsohuwa.
"A ofis ka gyara, Malam. A kasuwa fa, wa zai gyara?"

Asabar, 1 ga Yuni.
Kasuwar doya, gaban rumfar Memuna mai hawan jini, mata sun fi goma. Na yi bayani da Hausata, Alhaji Sumani yana mayarwa da yaren Gonja. Ban san yadda ya fassara "laburare" ba, na dai ji an yi dariya. Tsohuwar ta ce ta yafe, ta ɗora mini doya biyu. Na rasa inda zan sa idona.

Alhamis, 13 ga Yuni.
Fuseina ta dawo aiki, ni da ita mun raba fayil ashirin da shida. Ni na san layi, ita ta san mutane. Ta dubi awon jini ta ce wannan na mai ɗinki ne, wancan na matar mahauci. Ta sa na ƙara gurbi biyu: "ranar haihuwa ƙiyasi ce" da "lambar ta wane ne". Shekara shida ban yi tunaninsu ba. Ta fara karanta kod ɗin, tana tsokanata wai sunayen da na sa irin Hausar tsofaffi ne. Na rubuta sunanta a ƙarƙashin nawa a kan fayil ɗin farko na laburaren. Ba ta gani ba tukuna.

Lahadi, 16 ga Yuni.
Babbar Sallah. Najat ta kira, minti huɗu. A zaure na ci nama, don ɗakin ya yi zafi.

Laraba, 19 ga Yuni.
Zazzaɓi ya kayar da ni, yau ni ne a gaban teburin. Fuseina ta tambayi suna kamar ba ta san ni ba, ta tambayi ranar haihuwa, ta ce a'a, ashe akwai masu ta gaske. Sai ta zo kan wani sabon gurbi kuma: in abu ya faru, wa za a kira?

Na fara karanto lambar ƙanena, na tsaya a tsakiya. Funtuwa tafiyar kwana uku ce.

Na ba ta ta Alhaji. Ta fi kusa ne kawai. A gurbin dangantaka ta buga "ɗan gida", ban ce ta goge ba.