Auta Ta Daina Taɓa Ni

Anti, don Allah ki taimaka mini da shawara, ko da faɗa za ki haɗa mini da shi. Ni mai kitso ce, ko in ce a da. Shekara da shekaru ina zaune kan 'yar kujera, kan mace a tsakanin gwiwoyina, har ciwo ya sallamo. Ba wuri ɗaya yake tsayawa ba: yau kafaɗa, gobe ƙugu, jibi ko'ina. In kwana ina barci, in tashi kamar an lakaɗa mini duka. An ɗebi jini, an yi hoto, komai lafiya lau. Daga ƙarshe wata likita ta ce sunansa faibromayaljiya. Ta rubuta magani, ta ce kuma in riƙa motsa jiki.

Maigidana mutumin kirki ne, kada ki ga laifinsa. Da ya ji maganar sai ya ce likitar yarinya ce, ina aka taɓa sa mara lafiya atisaye? Ya hana ni shara, ya hana ni wanki, ya sallami masu zuwa kitso. Ruwan sha ma har gado ake kawo mini.

Wata safiya na tashi garau. Maigida da yara suna fita na ce yau zan bi maganar likita. Na wanke barguna, na hau bene na shanya, na goge ɗakuna, na kira wata tsohuwar kwastoma a waya na yarfa mata ƙananan kitso. Kafin yamma jikina ya rikice, ko juyi ba na iyawa. A haka Auta, ƙaramar 'yata, ta dawo daga makaranta ta faɗo jikina da gudu yadda ta saba, na ƙwalla ƙara. Babanta ya daka mata tsawa. Ya kwashe kibiya da matsefi da man kitso ya ɗora saman wadirob, inda hannuna ba ya kai.

Tun ranar Auta ba ta ƙara taɓa ni ba. Takan shigo hannayenta a baya, ta tsaya bakin gado ta gaishe ni kamar baƙuwa, ta sulale. Maƙwabciya ke yi mata kitso yanzu, tana ja mata gaban goshi, tsagar ma a karkace. Ina gani, kuma ba na jin komai. Ba haushi, ba kuka. Ina kwance ina kallon fanka, in ji sun fita, in ji sun dawo. Kwanciyar ba ta rage ciwon ba, ƙafafuna ma nauyi suka ƙara. Na san ya kamata in ji tsoron yarinyar nan ta girma ba ta san ɗumin jikina ba, amma tsoron ma sai na lalubo shi. Wa zan bi, Anti, likita ko maigida?

Daga mai kitson da aka ajiye wa kibiya.

Ƙanwata, sannu da jiki. Ciwonki ciwo ne, ko hoto ya nuna ko bai nuna ba.

Maigidanki yana da hujja, domin da idonsa ya ga kin yi aiki kin zube. Likita ma tana da gaskiya, sai dai ban ji inda ta ce ki wanke barguna ba. Abin da kika yi ranar nan ramuwa ce, kin so ki biya kwanakin kwanciya a wuni ɗaya. Motsa jikin da ake nufi kaɗan-kaɗan ne, a kai a kai. Ki fara daga ƙofar gida zuwa ƙarshen layi, ki juyo tun da sauran ƙarfinki. Ranar da kika tashi garau kada ki ƙara, ranar nan ce mai yaudara. Ranar da jiki ya ƙi, ki miƙe gaɓoɓi a hankali, ki gasa jiki da ruwan ɗumi. Ƙari sai jikin ya saba.

Ku koma asibiti tare da maigida, ya yi tambayoyinsa ya ji amsa da kunnensa. Kuma ki faɗa wa likita wannan rashin jin komai, kada ki ɓoye. Shi ma abin dubawa ne, yana da magani.

Ita kuwa Auta, a zatonta ita ta ji miki ciwo, kuma babu wanda ya ce mata ba haka ba ne. Ki kira ta yau ki faɗa mata. Ki nuna mata inda za ta riƙe ki ba zafi, ki ce kina neman 'yar rakiya zuwa ƙarshen layi. Sannan ki roƙi babanta ya sauko miki da kibiya, don kai ɗaya tak. Ki yi mata layi ɗaya ko biyu, ki sa mata hula, sauran sai gobe. Kitson zai ɗauki kwanaki, kuma kullum sai ta zo ta zauna tsakanin gwiwoyinki. Kada ki yi saurin gama shi.

Allah ya ba ki lafiya, ya raya miki Auta.